Ba A Fama Miki Don Neman Tafi

Kowace shekara, da zarar an shafa toka an shiga kwana arba'in na shirin Ista, in ka zaga majami'un Injamena da yamma za ka tarar da matasa a haraba suna gwajin wasan Hanyar Gicciye. Wani ya yafa zanen uwarsa ya zama Bilatus, wani ya yanka kwali ya yi hular sojan Roma, kafinta kuwa yana can gefe yana haɗa gicciye da katakon da ba zai karya kafaɗar yaro ba. Ni ma ina cikin wannan hidima tun ina saurayi, ba kuwa abin da nake ɗoki a shekara kamarta. Saboda haka kada mai karatu ya zaci da wasan kwaikwayo nake faɗa. Faɗana da wata koyarwa ce da ta shigo cikinsa, tana kuma ƙara yaɗuwa a hannun samarin da suka je bita ta kwana biyar suka dawo da takardar shaida suna ce da kansu daraktoci.

Ga yadda koyarwar take. In gwaji ya kai wurin da ake son kuka, sai mai koyarwa ya tsai da kowa, ya ja yarinyar da za ta yi kukan gefe, ya ce mata, "An taɓa yi miki rasuwa? Wa ya rasu? To, rufe ido, ki koma ranar. Wace riga ce a jikinsa? Wa ya fara ihu?" Haka zai yi ta tono har hawaye su zubo, sa'an nan ya tura ta cikin fili ya ce, "Yawwa, riƙe shi nan, kada ki sake shi, fara magana." Wai ta haka ne ɗan wasa yake haɗa zuciyarsa da ta mutumin da yake kwaikwaya. Ni kuwa na ce wannan fama miki ne don neman tafi. Ina da bakin faɗin haka, gama ni ma na taɓa yi.

Ranar 2 da 3 ga Fabrairu 2008 'yan tawaye suka shigo Injamena, aka yi ta ɓarin wuta a tsakiyar gari har kewayen fadar shugaban ƙasa. Dubban mutane suka tsallaka zuwa Kuseri ta Kamaru, ni da iyalina muna cikinsu. Ranar 6 ga watan ita ce Larabar Toka, wato azuminmu na shekaran nan da warin albarushi muka fara shi. Da aka daddawo, dattawa suka ce a yi wasan kamar kullum, ko mutane sa ɗan sami abin da zai tara su. Aka danƙa mini matasan, a lokacin ina mataimakin katekis, ban kai talatin ba.

Yarinyar da muka ba matsayin Maryamu, shekarunta ba su wuce sha bakwai ba. Yayanta ya fita neman burodi ran Asabar ɗin da aka fara harbi, harsashi ya same shi, aka binne shi cikin gaggawa. Na san da haka, kowa ya sani. A wurin gwaji tana tsayawa ƙiƙam kamar an dasa ta, ta faɗi kalmominta daidai, ba ta ƙara kome. Ni kuwa ban daɗe da karanta rabin wani littafin Faransanci a kan wasan kwaikwayo ba, ina ji da kaina. Ana jajibirin wasa na kira ta na ce, "Ƙanwata, gobe in an sauko da shi daga gicciye an ɗora miki a cinya, kada ki ga kowa sai yayanki." Ta dube ni ta ce, "To, Malam."

Ranar Jumma'a 21 ga Maris, cikin zafin nan namu na bazara da ke sa kwalta ta yi laushi, aka yi wasan. Da aka ɗora mata yaron a cinya, ba ta faɗi ko kalma guda cikin abin da muka koya mata ba. Sunan yayanta ta kira, da wata irin murya da ban taɓa jin ta a bakin mutum ba. Mata suka ɓarke da kuka, maza suka sunkuyar da kai, ni kuwa ina bayan bishiyar dalbejiya ina ce wa raina yau na yi aiki. Aka gama, aka watse, ita ba ta saki yaron ba. Sai da mata uku na zumunta suka ɓamɓare hannunta. Ta yi makonni ba ta barcin kirki, ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa, in ta hango ni a hanya sai ta ratse. Bayan Ista uwarta ta zo har gida, ta ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta ce, "Malam, wasa na aiko 'yata ta yi. Me ka yi mata?" Ba ni da amsa. Abin da ya fi ci mini rai, na yi shekaru mutane suna tare ni suna cewa ba a taɓa yin Hanyar Gicciye mai daɗi kamar ta 2008 ba.

Kunyar wannan abu ita ta sa na koma na karanta ɗaya rabin littafin, da wasu bayansa, da ƙamus a gefe, gama iyakar karatuna firamaren mishan. Abin da na tarar shi ne, dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubucin Roma, Aulus Gellius, ya ba da labarin wani shahararren ɗan wasa na ƙasar Girka mai suna Polus, wanda ya rayu fiye da shekara ɗari uku kafin haihuwar Almasihu. A wasan Elektra na Sofokilis akwai inda mace take rungume da tulun da ta zaci tokar gawar ɗan'uwanta ce a ciki. A zamanin maza ne suke fitowa a matsayin mata, Polus kuwa bai daɗe da rasa ɗansa ba. Sai ya je kabari ya ɗauko ainihin tulun tokar ɗan nasa, ya shiga da shi dandali a Atina, ya yi kuka na gaske. Masu koyarwar nan suna ƙaunar wannan labari. Amma su lura, Polus babba ne, gwani ne, ɗansa ne, shi ya zaɓa wa kansa. Ba wani darakta da ya aike shi tonon kabari.

A zamanin kusa kuwa, sunan da suke fakewa da shi shi ne Konstantin Stanislavski, mutumin Rasha, wanda aka haifa a 1863 ya rasu a 1938, wanda shi da abokinsa suka kafa babban gidan wasan fasaha na Mosko a 1898. Gaskiya ne, a farkon bincikensa ya ɗauko wani ra'ayi daga masanin halin ɗan'adam na Faransa, Théodule Ribot, cewa zuciya tana ajiye abin da ta taɓa ji kamar yadda ƙwaƙwalwa take ajiye fuskoki, ana kuma iya tada shi. Ya gwada wannan da 'yan wasansa. Daga nan ra'ayin ya ƙetare teku zuwa Amurka, inda Lee Strasberg ya mai da shi ginshiƙin koyarwarsa. A nan bitar kwana biyar take tsayawa. Ba a gaya wa samarinmu cewa shi Stanislavski bai tsaya nan ba. A 1934 wata 'yar wasan Amurka, Stella Adler, wadda wannan tono ya sa wasa ya fita mata a rai, ta same shi a Faris, ta yi wajen mako biyar tana aiki da shi. Ta koma gida ta shaida wa abokan aikinta cewa malamin ya fi ba da ƙarfi ga tunanin halin da mutumin cikin labari yake ciki, da abin da yake aikatawa da jikinsa. Har ƙarshen ransa abin da ya duƙufa a kai ke nan, wato a fara da aiki, ji ya biyo baya. Shi kansa Strasberg, wanda bai yarda da Adler ba, yana gargaɗin ɗalibansa kada su taɓa abin da bai kai shekara bakwai da faruwa ba. Shekara bakwai, mai karatu. Ni na tura yarinya cikin mutuwar da ba ta cika mako bakwai ba.

To, a wane gari ne ma muke son mu shuka wannan koyarwa? Garin da aka yi yaƙi a titunansa a 1979, aka sake yi a 1980 har babbar majami'armu ta ƙone. Garin da ya yi shekara takwas, daga 1982 zuwa 1990, a ƙarƙashin Hissène Habré da 'yan sandan asirinsa, har hukumar bincike ta 1992 ta ƙiyasta mutum dubu arba'in ne suka hallaka a ƙasar. Aka yi 2006, aka yi 2008, aka yi bama-bamai na 2015 har a babbar kasuwa, aka yi ranar 20 ga Oktoba 2022 da matasa da yawa suka fita ba su dawo ba. In ka tara yara ashirin a Injamena ka ce kowa ya rufe ido ya tuna da mafi munin ranarsa, ba ka san ƙofar da ka buɗe ba, ba ka kuwa da makullin rufe ta. Kai ba likita ba ne. Ƙarfe shida za ka hau babur ka tafi gida, yarinya kuwa ta tafi da abin ɗakin da su bakwai suke kwana.

Na sha jin amsar da suke bayarwa, bari in bi ta. Da fari suna cewa, ai mutane sun ji a jikinsu, ai an yi kuka, me kuma ake nema? Waliyyi Agustin, wanda ɗan Afirka ne kamarmu, ya riga ya yi mamakin wannan tun wajen shekara ta 400. A littafin da ya rubuta na tuban kansa ya tuna yadda yake zuwa gidan wasa a Kartaj yana saurayi, ya tambayi kansa dalilin da mutum yake jin daɗin a sa shi baƙin ciki a kan abin da ba zai so ya same shi ba, ga shi kuma ba a kira shi ya taimaki kowa ba, kuka kaɗai aka kira shi ya yi. Kukan 'yan kallo ba shaida ba ce cewa an yi abu mai kyau. In mota ta take yaro a gaban kasuwa ma mutane za su taru su yi kuka. Abin da jama'a suka kalla a 2008 ke nan, haɗari ne ya faru a gabansu, ni kuwa na karɓi yabo kamar wanda ya tsara wani abu. Ban da haka ma, a ranar ba wanda ya ga Maryamu. Kowa ya san yarinyar, kowa ya san yayanta, tausayinta aka ji, labarin da muka taru dominsa ya ɓace.

Sa'an nan suna cewa, ai fitar da abin da ke ciki magani ne, wanda ya yi kuka ya huta. Wani lokaci haka ne. Mu a Chadi mun ga mutanen da suka buɗe mikinsu a bainar jama'a, muka kuma girmama su. A shari'ar Habré da aka fara a Dakar a 2015, aka yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016, maza da mata sun tsaya gaban alƙalai sun faɗi abin da aka yi musu. Clément Abaifouta, wanda aka tilasta wa binne 'yan'uwansa fursunoni, shi ne ya bi gida gida yana sauraron waɗanda suka tsira a fim ɗin da Mahamat-Saleh Haroun ya fitar a 2016 a kan wannan zamani. Amma waɗannan mutane da sunansu suka yi magana, da yardarsu, bayan shekara ashirin da biyar na shiri da jira, suna da ƙungiya a bayansu, abin da suke nema kuwa adalci ne. Ina wannan ina yarinyar da malaminta ya ba umarni, wadda tarbiyya ta hana ta ce a'a, aka ari baƙin cikinta aka yi wa wasa ado da shi?

Amsa ta uku ita ce mai ɗan nauyi. Suna cewa, in ɗan wasa bai ji abin a ransa ba, ai ƙarya yake yi, 'yan kallo kuma za su gane. A nan ba zan bi Denis Diderot na Faransa har ƙarshe ba, wanda a littafinsa da aka buga a 1830, shekaru da yawa bayan mutuwarsa, ya nace cewa gwanin ɗan wasa shi ne mai sanyin kai wanda ba ya jin kome. Na ga yara suna wasa da zuciya a bushe, ba kyan gani. Lalle ɗan wasa yana ji. Tambayar ita ce, me yake ji? Wata mai bincike 'yar Holan, Elly Konijn, ta tambayi ƙwararrun 'yan wasa masu yawa a Turai da Amurka, ta buga sakamakon a littafi da Turanci a 2000. Abin da ta samu, galibinsu a kan dandali abin da ya cika musu rai na aikin ne, wato tattara hankali, da fargaba, da zumuɗin yin abin daidai a gaban jama'a, ko da mutumin da suke kwaikwaya yana cikin baƙin ciki. Wannan zafin shi 'yan kallo suke gani ya haskaka fuska.

Mu ma ai ba baƙi ba ne ga wannan sani. Yaron da ya manna auduga a haɓa ya ɗauki sanda ya fita tashe cikin watan azumi, ya ranƙwafa yana rawar jiki har manya su riƙe ciki, bai tsufa ba, kallon kakansa ya yi da kyau. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske kafin ya zama na wasa. Abin da ya kwaso daga bariki ya kawo rediyo da talabijin na Kaduna shi ne tafiyar samanja, da tsawarsa, da karyayyar Hausarsa. Wannan shi ne cin moriyar rayuwa a wasa, ba wanda ya hana. Duk abin da ɗan wasa ya gani ya ji tun haihuwarsa yana tare da shi, zai kuma taso da kansa gwargwadon yadda rai zai iya ɗauka. Tasowa da kansa daban, a sa farce a ɓare ɓawon miki daban.

Ko a ma'aunin iya wasa ma dabarar ba ta da ƙarko. Wanda ya dulmuya cikin nasa baƙin ciki ba ya ganin abokin wasansa, idonsa a buɗe amma yana kallon ciki. Ba ya jin inda aka tsaya masa, muryarsa ta shaƙe har na sahu na uku ba sa jin kalma. In kuwa za a maimaita wasa sau goma, ɗayan biyu ne: ko tunawar ta dushe, ya zama ka mai da mutuwar uwarka kamar ashanar da ta sha ruwa, ko kuwa ta ƙi dushewa ta cinye mai ita. Daniel Day-Lewis, wanda duniya ta sallama wa a wannan sana'a, yana wasan Hamlet a babban gidan wasa na ƙasa a Landan a 1989, sai ya fice daga dandali a daidai inda fatalwar uban Hamlet take bayyana, ya kasa komawa. Shi kansa ya rasa mahaifinsa yana yaro. Daga baya ya ce ba fatalwa ya gani da ido ba, amma tun daga daren nan bai sake fitowa a wasan dandali ba, sai fim. In icen da ya kai wannan girma ya jijjiga, ina ga tsiron da ke aji uku na sakandare?

Wannan ƙishirwa ta "a yi na gaske" ba a hawaye kaɗai ta tsaya ba. Ita ce take sa a ce wa yaran da suka fito a sojoji su zuba wa mai ɗauke da gicciye bulala da gaske, wai don a ga ya murtuke fuska. Na taɓa ganin bayan wani yaro ran Asabar, duk ya yi rudu-rudu. Ƙarshen wannan hanya yana can ƙasar Filifin, a ƙauyen San Pedro Cutud, inda ake kafa wa mutane ƙusa ta gaske a tafin hannu ran Jumma'ar gicciye, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto, ko da yake bishof-bishof na ƙasar sun sha cewa a daina. Mu ba mu kai ga ƙusa ba, amma tunanin ɗaya ne.

To, yaya za a yi? Zan faɗi yadda nake yi tun daga 2009, ba don na ƙware ba. In na sami yarinyar da za ta fito a Maryamu, ba na tambayarta kome game da gidansu. Game da Maryamu nake tambayarta. Shekarunta nawa a ranar? In ɗanta ya wuce talatin, ita ta doshi hamsin, to, yaya mace mai hamsin take tsayawa bayan ta kwana ba barci? Daga ina ta zo? Daga Galili, baƙuwa ce a Urushalima, harshenta ma ana gane na ƙauye ne. Ta ci abinci tun jiya? Su wa ke tsakaninta da ɗanta? Sojojin wata ƙasa, masu māsu, waɗanda ba sa jin yarenta. Muna zama a kan waɗannan tambayoyi kwana biyu ko uku, har yarinyar ta fara kawo nata. Wata ta taɓa ce mini, "Malam, ina ji takalminta ya tsinke a cikin turmutsutsu." Ba a rubuce yake ko'ina ba, amma daga ranar tafiyarta ta sāke.

Sa'an nan babbar tambaya: me take so ta yi a wannan minti? Ba mahaifiyar da take zuwa wurin da ake kashe ɗanta da niyyar yin kuka. Tana so ya gan ta ya san ba shi kaɗai ba ne, tana so ta kai gare shi, soja ya tare ta da māshi. Saboda haka aikin 'yar wasa shi ne ta nemi idon yaron nan ta tsakanin kafaɗun sojoji, ta matsa, a tura ta, ta sake matsawa. In an ɗora mata shi a cinya, ga aiki a gabanta: ta zare ƙaya daga gashinsa ɗaya ɗaya, ta goge masa fuska da bakin mayafi, ta gyara masa hannun da ya lanƙwashe, ta rufe masa jiki don kada a gan shi tsirara. Nakan ce mata, "'Yata, kada ki yi kuka. Ki yi ƙoƙari ki hana kanki, gama akwai aikin da ba mai yi masa sai ke." Abin mamaki, sau da yawa a nan ne hawaye suke zuwa, hawayen tausayin wata mace dabam, irin wanda mutum yake yi ya share ya tashi. In ma ba su zo ba, ba a rasa kome ba. Jama'a sun fi kasa jurewa in suka ga mace tana danne kuka tana zare ƙaya a hankali.

Wanda yake son ya ga wannan a hannun gwanaye, ya nemi fim ɗin Daratt na Haroun, na 2006, wanda aka ɗauka a garin nan ya kuma ci kyauta a Benis. Saurayi ya zo Injamena da bindiga don ya kashe mutumin da ya kashe ubansa, sai ya ƙare yana koyon gashin burodi a wurinsa. Youssouf Djaoro, wanda ya fito a mai gidan burodin, da yaron, da wuya su yi magana. Ƙiyayya da nadama da ƙaunar da ba a so ta tsiro, duk a cikin yadda suke murza ƙullu suke, da yadda ɗaya yake tsayawa a bayan ɗaya. Fim ne, na sani, amma darasin yana hawa dandali ba tare da an rage masa kome ba.

Saura abu guda, wanda a wurin da ban zata ba na koye shi. Ba ruwana da bori, matsayina a kansa kuwa sananne ne. Amma wata tsohuwa Bahausa a unguwarmu, wadda ta tashi a gidan masu yi a ƙasar Maraɗi, da ta ji labarin 2008 sai ta ce mini, "Ɗana, ko 'yan bori ba sa hawar da godiya su watse su bar ta." Ta bayyana mini cewa wadda za a hau sai an yi mata girka tukuna, a wurin wasa akwai mata masu kula da ita, in an gama kuma a lulluɓe ta da zane, a jira ta yi atishawa, a kira ta har ta amsa, sa'an nan a tashi. Na ji kunya ƙwarai. Mutanen da nake wa kallon suna cikin duhu sun san ba a kai mutum wani wuri sai an shirya hanyar komowarsa, ni mai riƙe da littafi ban sani ba.

Tun daga nan ba a watsewa daga wasanmu kai tsaye. Muna shiga ajin katekisim mu rufe ƙofa. Kowa ya tuɓe kayan wasa da hannunsa ya ninke ya sa a akwati, a wanke jan kala da gawayi, a sha ruwa. Sa'an nan in kira kowane yaro da sunansa na yanka, ya amsa da ƙarfi. Wanda ya fito a Yahuza shi nake fara kira, gama shi ne yaran unguwa za su bi da tsokana har Fentikos, shi ne kuma yake zuba wa sauran shayi. Sojoji su gaisa da wanda suka "buga", a yi dariyar wanda hularsa ta faɗi. Ba ya ɗaukar fiye da rabin sa'a. A lokacin gwaji ma kowane yaro ya san yana da ikon ɗaga hannu ya ce a tsaya, ba mai tambayarsa dalili. Wanda kuwa aka yi wa rasuwa a cikin shekarar, ba na ba shi wurin gawa, ko ya roƙa. Ya riƙe māshi, ko ya yi Saminu Bakurane, baɗi ma rana ce.

Ku iyaye, in 'yarku ta dawo daga gwaji ido a kumbure, ku tambaye ta abin da aka ce ta tuna. Ku shugabannin ikilisiya da na makarantu, kafin ku miƙa yara ga mai takardar shaida, ku zauna a gwajinsa sau ɗaya, ku ji irin tambayoyin da yake yi a gefe. Ku kuma abokan aikina daraktoci, na san ba da mugun nufi kuke yi ba, ni ma ba da shi na yi ba. Ku karanta littafin har bangon baya.

Ita yarinyar 2008 yanzu matar aure ce da 'ya'ya. Sai bayan shekara shida na iya zuwa gidansu na roƙi gafara, a gaban uwarta. Ta ce ta yafe, na kuwa gaskata ta. Tana zuwa sujada kowace Lahadi, ta koma cikin mawaƙa. Amma ran Jumma'ar gicciye, da an fara jera sojojin kwali a haraba, takan kama hannun 'ya'yanta su shiga cikin majami'a su zauna, sai an gama su fito.